Yadda Shugaban Makaranta Zai Yi wa Doka Tambaya: Amfani da Ra'in Tarke a Kan Manufofin Ilimi

Kowace makaranta tana tafiya ne a kan dokokin da yawancin masu aiki da su ba su san ranar da aka kafa su ba, balle wanda ya kafa su. Akwai lokacin rufe ƙofa da safe, akwai yadda ake raba ɗalibai aji-aji bisa makin jarrabawa, akwai harshen da aka yarda a yi magana da shi a harabar makaranta da wanda ake hukunta yaro idan ya yi, sannan ga takardun umarni da ke saukowa daga ma'aikatar ilimi, waɗanda shugaba yake sa wa hannu ya miƙa wa malamai. Saboda an saba da su, sai a riƙa kallonsu kamar fitowar rana da faɗuwarta. Na rubuta wannan ne domin shugaba ko shugabar makaranta, da jami'in da ke duba makarantu, da duk wanda ke zama a teburin da ake tsara manufofin ilimi, kuma abin da nake so in nuna shi ne yadda za a ɗauki doka guda a yi mata tambayoyin da masana zamantakewa suka daɗe suna yi, har a kai ga gyaran da yaro zai gani da idonsa a aji.

Abin da ake kira ra'in tarke ya samo asali ne daga wata cibiyar binciken zamantakewa da aka kafa a birnin Frankfurt na Jamus a 1923. A 1937, shugabanta Max Horkheimer, yana gudun hijira a Amurka saboda mulkin 'yan Nazi, ya bambanta nazari iri biyu: wanda yake karɓar al'umma yadda ya same ta ya tsaya ga bayyana ta, da wanda yake tambayar yadda aka yi ta zama haka, da wanda ke cin moriyar zamanta haka, da yadda za ta iya zama dabam. Na biyun shi ne ya kira ra'in tarke. Daga baya sunan ya faɗaɗa ya haɗa da ayyukan masana da yawa waɗanda ba su ma yarda da juna ba a kan abubuwa masu yawa. Shugaban makaranta ba ya bukatar ya yi mubaya'a ga ɗaya daga cikinsu. Ya ishe shi ya ari tambayar da kowannensu ya fi iya yi.

Ka fara da doka guda

Kuskuren da na fi gani ga masu sha'awar wannan fanni shi ne su tara littattafai su ce sai sun gama fahimtar komai kafin su taɓa komai, ko kuma su tashi da niyyar sauya tsarin ilimin ƙasa baki ɗaya, har zango ya ƙare ba a gyara ko jadawali ba. Abin da ya fi shi ne ka zaɓi doka ɗaya tak wadda take hannunka, wadda ake aiki da ita kullum, kuma wadda ka lura cewa fuskoki iri ɗaya ne ke faɗawa tarkonta. Zan yi misali da dokar makara, domin da wuya a sami makarantar da ba ta da ita: ana rufe ƙofa da ƙarfe takwas, wanda ya iso bayan haka a tsare shi a waje, ko a ba shi shara, ko a mayar da shi gida. Ka nemo dokar a rubuce idan an rubuta ta. Idan ba a rubuta ba, ka rubuta ta da kanka kamar yadda kake zaton ana aiwatar da ita, ka karanta wa mai gadi da malamin da ke tsaron ƙofa su gaya maka ko haka take, domin sau da yawa abin da ke ofis dabam yake da abin da ke faruwa a bakin ƙofa.

Tambaya ta farko ita ce wadda Carol Bacchi, masaniyar kimiyyar siyasa a Jami'ar Adelaide ta Ostireliya, ta gina hanyar nazarinta a kai, ta kuma tattara ta a littafi a 2009. Ta nuna cewa kowace manufa tana ɗauke da hoton matsalar da take da'awar magancewa, kuma daga maganin da aka rubuta ake gane cutar da aka ce ana fama da ita. Misalin da ta fi kawowa shi ne, idan aka ga mata sun yi ƙaranci a manyan muƙamai sai aka shirya musu kwas na horo, to an riga an yanke cewa matsalar rashin horon matan ce, an kuma kawar da kai daga yadda ake ɗaukar aiki da yadda ake ƙarin girma. Ka yi wa dokar makara irin wannan karatu. Tun da maganin da ta tanada hukunci ne, to cewa take yi mai makara malalaci ne ko marar tarbiyya. Ka rubuta wannan jimla ƙarara a takarda, sannan ka lissafa abubuwan da sai sun tabbata kafin ta zama gaskiya: sai ya kasance yaron ne ke da ikon lokacin fitowarsa daga gida, babu wani aiki da aka ɗora masa da asuba, kuma hanya da abin hawa suna hannunsa. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, to akwai yiwuwar an bar jaki ana dukan taiki shekara da shekaru.

Daga nan sai ka bar ofis. Ka tsaya a bakin ƙofa da littafin rubutu daga takwas saura kwata zuwa takwas da rabi, kwana goma na makaranta a jere, ka dakatar da hukunci a waɗannan kwanaki, kada kuma ka tsaya kusa da wanda yara suka saba gani yana hukunta su. Ka rubuta suna, da aji, da mintin isowa, da nisan gida, da abin da yaron ya yi tun farkawarsa. Yadda za ka yi tambayar shi ne rabin aikin. "Me ya sa kika makara?" tuhuma ce, kuma amsar tuhuma shiru ne ko ƙarya. Ka ce, "Yarinyata, gaya mini abin da kika yi tun da kika tashi yau," ka kuma jira, ko da za ta yi minti guda tana kallon takalminta tana murza igiyar jakarta kafin ta buɗe baki. Mai yiwuwa ka ji cewa ita ce ke raka ƙannenta biyu tasu makarantar kafin ta wuce tata, ko kuwa akwai marar lafiya a gida wanda ba a barinsa sai wani ya dawo daga aikin dare. Za ka kuma tarar da waɗanda barci ne kawai ya ɗauke su, ko suka tsaya wasa a hanya, kuma wajibi ne ka rubuta su kamar yadda ka rubuta na farkon. Wanda ya fita neman shaidar da za ta gaskata ra'ayinsa kaɗai bai yi bincike ba.

Idan kwana goman sun cika, ka jera sunayen ka duba abu biyu: su waye ke maimaituwa, kuma wane darasi suke rasawa. A makarantu da yawa ana sa lissafi ko harshe a sa'ar farko saboda ana ganin ƙwaƙwalwa ta fi buɗewa da safe. Ma'anar wannan ita ce yaron da ya makara da minti goma, aka tsare shi minti arba'in yana shara, dokar makaranta ce da kanta ta raba shi da darasin da ya fi kowanne nauyi a jarrabawa, sannan a ƙarshen zango a rubuta a katinsa cewa ba ya ƙoƙari.

Abin da makaranta take zaton yaro ya zo da shi

A nan ne ake bukatar Pierre Bourdieu, masanin zamantakewa na Faransa wanda ya rasu a 2002, kuma zan daɗe a kansa domin tambayarsa ta fi kowace taɓa aikin yau da kullum na makaranta. Shi kansa ɗan ma'aikacin gidan waya ne daga wani ƙauye a kudu maso yammacin Faransa, ya kuma hau har ƙololuwar jami'o'in birnin Paris, saboda haka ya san tazarar da ke tsakanin gida da aji a jikinsa. A binciken da suka buga shi da Jean-Claude Passeron a 1964 da 1970, sun nuna cewa ban da jarin kuɗi akwai jarin al'ada, wato irin harshen da yaro ya tashi yana ji, da sabonsa da littafi, da sanin yadda ake magana da babba a ofis ba tare da rawar murya ba, da fahimtar abin da malami yake nufi ko da bai faɗa ba. Makaranta tana ba da lada a kan waɗannan abubuwa alhali ba ta koyar da su, sannan ta kira sakamakon hazaƙa. Hausawa sun riga sun faɗi rabin wannan magana da suka ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da Bourdieu ya ƙara shi ne, makaranta takan yi kamar ba ta san da zancen ruwan ciki ba, yaron da bai zo da shi ba kuma ya ƙare da yarda cewa shi ne daƙiƙi, iyayensa ma su yarda.

Ga yadda za ka mayar da wannan aiki. Ka tara malaman aji ɗaya, kowa ya zo da aikin gidan da ya bayar a makon da ya wuce, ku ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ku rubuta a allo duk abin da ake bukata kafin a yi shi. Aikin da ya ce yaro ya karanta wa wani babba shafi biyu a sa masa hannu yana bukatar babban da ya iya karatu a harshen makaranta, yana kuma gida da yamma. Wanda ya ce a bincika a intanet yana bukatar waya da kuɗin data da wanda zai yarda ya ba yaro wayar. Wanda ya ce a rubuta labarin tafiyar da aka yi lokacin hutu yana bukatar an yi tafiyar. Duk abin da ya fito a allon wanda makaranta ba ta tanadar ba, to maki ne ake ba gida da sunan yaro. Ba na cewa a daina ba da aikin gida. Abin da nake so shi ne kowane aiki ya zama wanda ɗalibi zai iya gamawa da abin da aka koya masa da abin da aka ba shi a hannu, ko kuwa a keɓe rabin sa'a bayan tashi, a aji guda da malami guda, ga duk mai son ya yi nasa kafin ya tafi.

Irin wannan tambaya za ka yi wa rabon ɗalibai rukuni-rukuni. A 1970 Ray Rist ya buga sakamakon bibiyar da ya yi wa wani ajin rainon yara a Amurka, inda malamar ta raba yaran tebur uku a rana ta takwas da fara karatu, ba tare da wata jarrabawa ba. Waɗanda suka fi tsabtar tufafi da iya harshen makaranta su ta zaunar kusa da ita, kuma Rist ya tarar da rabon ya bi yaran kusan yadda yake har aji biyu na firamare. Malamar ba ta da wata muguwar niyya, abin da ta saba gani a matsayin alamar ƙoƙari shi ta bi. Saboda haka idan makarantarka tana da ajin masu ƙoƙari da na 'yan baya, ka nemi rajistar shekara uku da suka wuce ka ƙirga yara nawa ne suka taɓa tashi daga na ƙasa zuwa na sama, ka kuma duba wane aji ake ba gogaggun malamai, wanne ake ba sabon zuwa. Philip Jackson ya kira irin darasin da yara ke ɗauka daga waɗannan tsare-tsare ɓoyayyiyar manhaja tun a 1968. Ba a rubuta ta a allo, amma yaron da ya shekara shida a teburin baya ya haddace ta.

Ka bi sawun alƙaluma

Babu shugaban makarantar da ba a tambayarsa lamba: kashi nawa suka ci jarrabawa, nawa suka halarta, darasi nawa aka kammala. Michel Foucault, masanin falsafa na Faransa, a nazarin da ya buga a 1975 kan tarihin gidan yari da horo, ya sa makaranta a layi ɗaya da bariki da asibiti da masana'anta, ya kuma nuna cewa jarrabawa tana haɗa abu biyu, sa ido da kafa mizanin da ake kiran wani daidai wani kuma karkatacce. Wanda ya san ana iya kallonsa a kowane lokaci yakan koma mai gadin kansa, ya daidaita halinsa da abin da mai kallo yake aunawa. Donald Campbell, masanin dabarun bincike na Amurka, ya faɗi abin a fili a cikin shekarun 1970: duk ma'aunin da aka rataya wa sakamako mai nauyi zai fuskanci matsin da zai gurɓata shi, ya kuma gurɓata aikin da aka ce yana aunawa.

Tarihi ya gaskata shi fiye da sau ɗaya. Dokar ilimi ta tarayya da aka sa wa hannu a Amurka a Janairun 2002 ta wajabta jarrabawar karatu da lissafi duk shekara daga aji uku zuwa takwas, ta kuma sa burin cewa kowane ɗalibi zai kai mizani kafin 2014, tare da matakan ladabtarwa ga makarantun da suka gaza. A 2011 binciken hukuma a birnin Atlanta ya ambaci malamai da shugabanni 178 a makarantu 44 da hannu a sauya amsoshin ɗalibai, a 2015 kuma kotu ta sami 11 da laifi. Abin da ya fi damuna shi ne irin gurɓatar da ba ta kai kowa kotu ba. A Ingila, inda aka fara buga jerin gwanon makarantu bisa sakamako a 1992, David Gillborn da Deborah Youdell sun bincika makarantun sakandare biyu a Landan, suka buga abin da suka gani a 2000. Da yake a lokacin ana auna makaranta ne da yawan masu samun darajar C ko sama a darussa biyar, sai malamai suka riƙa tantance ɗalibai kamar yadda ake tantance majinyata a ɗakin gaggawa: waɗanda za su ci ko ba taimako, waɗanda ke gab da layi, da waɗanda aka fidda rai da su. Ƙarin darasi da kulawa suka tafi ga na gab da layi, rukuni na uku kuwa ya cika da 'ya'yan talakawa da baƙaƙen fata. Ba wanda ya karya doka.

Abin da za ka yi shi ne ka ɗauki lambar da aka fi tambayarka a kanta ka rubuta hanyoyi uku da za a iya ɗaga ta ba tare da ko yaro ɗaya ya ƙara sanin komai ba. Ana iya hana masu rauni rajistar jarrabawa, ana iya cinye sa'o'in zane da wasanni da tarihi da bitar tsofaffin tambayoyi, ana iya lallashin iyayen wani yaro su canza masa makaranta kafin shekarar ƙarshe. Sannan ka tambayi kanka tsakani da Allah ko ɗaya daga ciki yana faruwa a hannunka. Maganin da ke hannun shugaba shi ne ya sa wa kowace lamba abokiyar tafiya: kusa da kashin waɗanda suka ci, ka rubuta yawan waɗanda suka shigo aji ɗaya a shekararsu da yawan waɗanda suka kai zaman jarrabawar. Ka kuma duba takardun da kake nema daga malamai. Stephen Ball ya rubuta a 2003 kan yadda tsarin auna ƙwazo ke tura malamai ga aikin ganin ido, su ɓata dare suna ƙawata shirin darasin da za a nuna wa mai dubawa alhali ba shi za su koyar ba. Duk takardar da kake karɓa ka sa mata hannu ba ka karanta ba, ka daina nema.

Waye ba ya ɗakin da aka yanke shawara

Nancy Fraser, masaniyar falsafar siyasa ta Amurka, ta raba adalci fuska uku: rabon dukiya, da mutunta mutum yadda yake, da ba shi murya a inda ake yanke hukunci a kansa. Masu tsara manufofi sun fi tuna ta farko, wato littattafai da kujeru da abin hawa, ta uku kuma ita aka fi mantawa. Paulo Freire na Barazil a kanta ya gina aikinsa. A 1963, a garin Angicos, tawagarsa ta koya wa manya kimanin 300 karatu cikin kwana 45 ta hanyar fara darasi da kalmomin da aka tattaro daga bakin mutanen da kansu, a lokacin da wanda bai iya karatu ba ba shi da ikon jefa ƙuri'a a ƙasar. Bayan juyin mulkin soja na 1964 aka tsare shi kwana 70, ya kuma yi gudun hijira zuwa Chile, inda ya rubuta sukarsa ga irin koyarwar da ke ɗaukar ɗalibi kamar asusun banki, malami ya zuba, ranar jarrabawa a cire. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne daga baya ya zauna a kujerar mulki: ya riƙe sakataren ilimi na birnin Sao Paulo daga 1989 zuwa 1991, kuma cikin abubuwan da ya fi dagewa a kansu akwai majalisun makarantu masu ikon yanke shawara, waɗanda suka haɗa iyaye da ɗalibai da malamai da sauran ma'aikata.

Kiran taro abu ne mai sauƙi, jin muryar da ba a saba ji ba shi ne wuya. Ka sa taron a lokacin da mai aikin yini zai iya zuwa, ka gayyaci iyayen yaran da sunayensu suka maimaitu a littafinka ɗaya bayan ɗaya, ka tabbatar manzon ya gaya musu cewa ba ƙarar ɗansu za a kai ba, domin uban da bai taɓa samun kira daga makaranta ba sai don laifi zai zo ne da kariya a bakinsa. A yi magana da harshen da suka fi sakewa da shi. Ka sauko daga kan teburin shugaba, ka karanta musu dokar da abin da ka gani a bakin ƙofa ba tare da ambaton sunan kowa ba, ka tambaye su yadda za a yi yara su daina rasa darasin farko, sannan ka zama na ƙarshe da zai faɗi ra'ayinsa. Ka sa mai gadi da mai shara a cikin taron, domin sun san abubuwa game da yara waɗanda malamai ba su sani ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin a tashi, ka faɗi abin da za ka iya sauyawa da abin da ya fi ƙarfinka. Idan aka tara mutane aka ji bakinsu sannan ba su ga komai ba, karo na biyu ba za su zo ba, kuma suna da gaskiya.

Game da umarnin da ke saukowa daga sama, Michael Lipsky ya nuna a 1980 cewa malamai da 'yan sanda da ma'aikatan jin daɗin jama'a, wato waɗanda ke gaba da gaba da mutane, su ne ke yin manufa a aikace ta hanyar zaɓin da suke yi kullum idan kayan aiki sun gaza. Kyakkyawar manufa ma tana iya zuwa ba tare da ƙafafun da za ta tsaya a kai ba. Da Malawi ta soke kuɗin makarantar firamare a 1994, yawan ɗalibai ya tashi daga kimanin miliyan 1.9 zuwa kusan miliyan 3, aka ɗauki dubban malaman da ba su sami horo ba, azuzuwa suka cika maƙil. Matakin adalci ne, amma nauyinsa a kan malamin aji ya sauka. Idan takarda ta zo maka, ka ware abin da ta wajabta daga abin da ta bar wa hankalinka, ka yi amfani da sararin da ta bari domin yaran da suka fi rauni, abin da kuma ka ga zai cutar ka rubuta wa na sama da kai da shaida daga littafinka, cikin ladabi, ka ajiye kwafi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wani rami da ya kamata a kauce masa

Na sha ganin wanda ya karanta Bourdieu ya fito da cewa tun da ilimin makaranta na masu hali ne, to a sassauta wa ɗan talaka, a bar shi da abin da ya riga ya sani. Ina ganin wannan zalunci ne da ya fi na farko, domin ɗan mai hali zai sami nahawu da lissafi ko makaranta ta koyar ko ba ta koyar ba. Antonio Gramsci, yana rubutu daga kurkukun Mussolini a Italiya, ya kare karatu mai tsanani ga 'ya'yan ma'aikata, ya ce karatu aiki ne mai gajiyarwa da sai an saba wa jiki da shi. Lisa Delpit a Amurka ta nuna a 1988 cewa akwai ƙa'idojin shiga cikin masu iko, kuma wanda bai tashi a cikinsu ba ya fi saurin mallakarsu idan aka faɗa masa su a fili. Michael Young na Ingila, wanda a 1971 yana kan gaba wajen nuna cewa manhaja tana bin buƙatun masu iko, ya dawo a 2008 yana bambanta ilimin masu ƙarfi da ilimi mai ƙarfafawa, wato wanda ke fitar da yaro daga iyakar abin da ya gani a gida. Saboda haka idan binciken aikin gida ya nuna maka cewa rabin aji ba su san yadda ake tsara sakin layi ko rubuta takardar neman aiki ba, to a sa shi a jadawali a koyar da shi dalla-dalla, da misali a allo da gyara da jan biro, ba tare da an wulaƙanta harshen da yaro ya zo da shi daga gida ba.

A batun makara ma haka ne. Zuwa a kan lokaci abu ne da yaro zai bukata duk rayuwarsa, kuma makarantar da ta daina nemansa ta cuce shi. Abin da za a sauya shi ne hukuncin da ke cin darasi. Mai makara ya rubuta sunansa ya wuce aji nan take, a yi maganar makararsa lokacin hutun tsakiya, a juya jadawali yadda ba darasi ɗaya ne kullum zai faɗo a sa'ar farko ba, yarinyar da ke raka ƙannenta kuma a zauna da iyayenta a nemi dabara. Ka rubuta sabuwar dokar a shafi guda da ranar da za a sake duba ta, ka manna ta inda iyaye za su gani. A makon ƙarshe na zango ka koma bakin ƙofa da littafin nan naka, ka sake yin kwana goma, ka ɗora sabon jerin sunaye kusa da tsohon, ka kuma karɓi rajistar malamin sa'ar farko ka ga ko kujerun da suka saba zama wayam da safe sun sami masu zama. Idan sunayen ba su sauya ba, ka ciro takardar da ka rubuta jimlar farko a kanta, wadda ta ce mai makara malalaci ne, ka rubuta a ƙarƙashinta abin da sabuwar dokarka take cewa matsalar ce, ka yi mata tambayoyin da ka yi wa tsohuwar.